Bugu Uku na Hoyt Rankin

Garin Elmquist, a arewacin jihar Minnesota, bai taɓa fitar da gwamna ko shahararren ɗan ƙwallo ba, masarar da yake nomawa kuma ba ta fi ta maƙwabta ba. Abin da ya samu shi ne, shekara arba'in da suka wuce wasu masu shirya fim suka zo neman shagon aski wanda zamani bai taɓa shi ba, suka sami ɗaya a kan babban titi, suka yi rani uku a jere suna aiki a cikinsa. Fina-finan uku ne, ana kiransu Kujerar Aski. Labarin wani salihin saurayi ne mai suna Teddy, wanda ya gaji kujerar aski daga kawunsa, irin wadda in an juya ta hagu takan kai mutum shekarun baya, in an juya ta dama ta kai shi gaba. Da Teddy kaɗai ya san wannan sirri, da fim ɗaya ma ya yi yawa. To amma akwai Hoyt Rankin, ƙato mai wuyan bijimi, wanda yake bin sa duk zamanin da ya je, kuma sana'arsa guda ce a kowane ƙarni: ya cire wa mutum hula a bainar jama'a, ya yar da ita ƙasa, ya taka.

Tun daga lokacin, kowace Asabar ta ƙarshe a watan Yuli, tsohuwar silimar garin takan nuna ukun a jere, daga ƙarfe goma na safe zuwa la'asar. Kowa yakan zo da tsofaffin huluna cikin jaka, galibi irin waɗanda kamfanonin iri suke raba wa manoma kyauta. Duk lokacin da Hoyt ya taka hula, sai zauren ya ɗauki ihu, ana buga ƙafa, ana jifan allon da huluna har hoton ya yi duhu. Mutanen nan kuwa su ne waɗanda a sauran kwanakin shekara ba sa iya gaya wa mai gidan abinci cewa miyarsa ta huce. Sai su shanye, su gode, su je gida su faɗa wa matansu. Fushin shekara guda ana ajiye shi ne domin Hoyt Rankin, kuma kowa ya yarda cewa tsarin yana da amfani ga lafiyar gari.

Mutum ɗaya ne bai taɓa jifa ba, bai kuma taɓa ɗaga murya ba. Elwood Brandvold ya yi shekara arba'in da biyar yana saita sautin piyano a coci-coci da makarantun yankin kafin ya ajiye aiki, kunnensa kuma bai ajiye ba. Yakan zauna a layi na shida, ya jure hayaniyar kamar yadda ake jure ciwon haƙori, sa'an nan ya koma gida ya sa fina-finan a nasa akwatin talabijin domin ya ji abin da aka hana shi ji. A can ne ya gano wani abu da ya tsaya masa a rai shekara da shekaru. Bayan Hoyt ya taka hula, ba ya magana nan take. Yakan tsaya, ƙafarsa a kan hular, haɓarsa a ɗage kaɗan, ya yi shiru. Elwood ya ɗauko ɗan agogon makaɗa mai harshe yana kai-kawo, ya auna shirun. Bugu uku ne, ba ƙari ba ragi. Sau goma sha ɗaya ake taka hula a fina-finan uku, a ƙarni daban-daban, wani lokaci cikin ruwan sama, wani lokaci a kan doki, kuma kowane karo bugu uku ne.

Elwood ya san cewa abin da ya faru sau goma sha ɗaya daidai wa daida ba tsautsayi ba ne. Wani ne ya sa shi da gangan, kuma wannan wanin shi ne Lester Dunphy, ɗan wasan da ya fito a matsayin Hoyt, wanda bayan fina-finan nan bai sake samun wani aikin kirki ba, saboda duk inda aka sa fuskarsa sai masu kallo su fara dafe hulunansu. Elwood ya gina wa shirun bayani, ya rubuta shi a wani littafi mai baƙin bango. A ganinsa, cikin bugu ukun nan ne mugu yake ganin kansa. Na farko yana jin daɗi, na biyu yana ganin fuskar wanda ya wulaƙanta, na uku yana haɗiye nadama kafin ta fito. Ya yi imani cewa Lester Dunphy ya ɓoye mutum mai zuciya a cikin azzalumi, kuma garin da ya fi kowa cin moriyar aikinsa ya yi shekara arba'in yana binne wannan gwaninta da ihu da tsofaffin huluna.

Ya taɓa yi wa Gordy Haugen wannan bayani a kan kofi. Gordy tsohon ma'aikacin rumbun hatsi ne, shi ne kuma mai muryar da take buɗe ihun kowace shekara. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Farfesa, kai kaɗai ne a duniya za a taka wa hula ka tsaya ƙirga. Mutumin yana tuno abin da zai faɗa ne, ƙwaƙwalwar ba ta da sauri.”

Bikin ya sha gayyato baƙi. Wanda ya fito a Teddy ya zo sau huɗu, har an gaji da labarinsa na yadda kujerar ta matse masa yatsa. Lester Dunphy kuwa ba a taɓa gayyatarsa ba, ba don ƙiyayya ba, sai don ba wanda ya san yadda za a dubi idonsa. Elwood ya shiga kwamitin biki musamman saboda wannan, ya yi shekara shida yana kawo maganar a ƙarƙashin sauran batutuwa, kafin a cika shekara arba'in a ba shi izinin rubuta wasiƙa. Amsa ta zo daga Arizona cikin mako biyu, da rubutun hannu mai karkarwa. Dattijon ya ce zai zo, ya tambaya ko za a iya ba shi kujera a tsakiyar zaure, ba a gefe ba.

Amsar ta jefa kwamitin cikin damuwa. Marlys Tollefson, ƙanwar Elwood, wadda take shugabantar kwamitin kamar yadda take shugabantar yawancin abubuwan da suka shafe shi tun yana da shekara tara ita tana da bakwai, ta kira taro a ɗakin ƙasa na cocin. Ta ce mutumin nan shekararsa saba'in da takwas, zai yi tafiyar yini guda, a zaunar da shi a tsakiya, mutum ɗari huɗu su yi ta yi masa ature daga safe har la'asar. In zuciyarsa ta tsaya fa? In ma ba ta tsaya ba, me zai je ya faɗa a Arizona game da tarbiyyar mutanen Elmquist?

Elwood ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya miƙe da takarda a hannu, ya gabatar da ƙuduri mai sassa uku: bana ba ihu, ba buga ƙafa, huluna kuma a karɓe su a ƙofa a zuba cikin kwalaye, a mayar wa masu su bayan an tashi. Ya ce karramawar da ta dace da ɗan wasa ita ce a saurare shi. Bai faɗa musu cewa shi ma yana son ya ji bugu ukun nan a babban zaure, ko da sau ɗaya kafin ya mutu ba.

Gordy ya ce, “To mu je mu yi me? Mu zauna kamar a jana'iza?”

Marlys ta ce, “A jana'izar ma kai ba ka iya shiru ba, Gordy. Ka samu ka koya.”

Aka jefa ƙuri'a, mutum shida suka goyi baya, Gordy ya ƙaurace, domin ƙin amincewa a fili zai zama rashin ladabi. Aka buga sanarwa a jaridar mako-mako, aka manna wata a ƙofar silima, fasto kuma ya karanta ta ranar Lahadi tsakanin addu'a da labarin gyaran rufi.

Ranar Juma'a Elwood ya sa kwat, ya ɗauko hular mahaifinsa, wata toka-toka mai malafa wadda ba ta fita sai ɗaurin aure, ya tuƙa mota awa biyu zuwa filin jirgi. Ya yi tsammanin ƙato. Wanda ya fito wani tsoho ne da kafaɗunsa suka zube, yana dogara sanda, da na'urar ji maƙale a kunnensa na hagu. Wuyan bijimin ya koma fata a cikin kwala. Muryar ce kawai take nan, kodayake ya yi amfani da ita ne wajen neman gafara saboda jakarsa ta yi nauyi.

Littafin mai baƙin bango yana aljihun Elwood, tambayar kuma tana bakinsa, amma a Elmquist ba a yi wa baƙo babbar tambaya kafin a ciyar da shi. Suka yi awa biyu suna hira a kan zafin Arizona, da tsawon masarar bana, da tumatirin da Lester yake nomawa a tukwane bayan gidansa, wanda wasu tsuntsaye suka sa wa ido. Sau biyu dattijon ya tambaya ko mutane da yawa za su zo, sau biyu Elwood ya tabbatar masa cewa zauren zai cika, kuma an shirya komai domin kada ya ji wani abin da ba zai so ba. Lester ya gyaɗa kai. A liyafar da aka yi masa a coci, an cika masa faranti da gasasshen dankali da nama har sau uku, kowa ya zo ya gaya masa cewa ashe mutumin kirki ne. Wata tsohuwa ta riƙe hannunsa ta ce ta yafe masa. Ya gode mata da ladabi, amma Elwood ya lura yana ta kallon kawunan mutane.

Da safiyar Asabar Lester ya fito sanye da wata baƙar rigar fata wadda ta yi masa yawa a kafaɗa. Kowa ya gane ta, ita ce ta fim na farko. A ƙofar silima kwalaye shida sun cika da huluna, an tura su bayan teburin sayar da gugguru, wajen da baƙo ba zai gani ba. Mutum ɗari huɗu suka miƙe tsaye suka tafa masa, suka zauna da kawuna tsirara, masu sanƙo suna ta shafa nasu kamar waɗanda aka kama ba shiri. Elwood kaɗai aka bar wa hula, saboda shi ne mai rakiyar baƙo, ya kuwa ɗora ta a kan gwiwa. Aka kashe fitilu.

Minti goma sha bakwai da farawa, Hoyt Rankin ya shigo shagon aski, ya cire wa Teddy hula, ya yar, ya taka. Elwood ya rufe ido ya ƙirga. Shirun ya cika zauren tun daga allo har bango na baya, ba tari, ba motsin kujera, kuma bugu uku ne cif. Ya jira daɗin da ya yi shekaru yana jira, ya kuwa zo, amma da wani abu a tare da shi wanda bai yi tsammani ba. A ɗakinsa yakan ji shirun kamar numfashin mutum. A nan ya ji shi kamar tsirkiyar da ta tsinke a piyano, inda yatsa yake sauka a kan maɓalli ba abin da ya fito. Daga baya can wasu suka ɗan tafa, don su nuna ba su riƙe kowa a zuciya ba.

A gefensa Lester ya kai hannu kunne, ya murɗa na'urarsa. Da aka taka hula ta biyu, ya cire ta gaba ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta a tafin hannu, ya mayar. Kafin ta uku ya laluba aljihu cikin duhu, ya sauya mata batir, aikin da ya ɗauke shi kusan minti biyar. Aka taka ta ukun, zauren ya yi tsit kamar ɗakin jarrabawa. Dattijon ya sunkuyo ya ce a hankali, “Mista Brandvold, kunnena ne, ko kuwa?”

Elwood ya ce masa kunnensa lafiya lau, mutane suna saurare ne. Lester ya ce madalla. Daga nan bai sake taɓa na'urar ba, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa, ya kalli sauran fim ɗin kamar mai jiran a kira lambarsa a asibiti.

Da aka ba da hutun rabin awa, ya ce gajiyar tafiya ta sauko masa, in ba damuwa zai koma masauki, a gaishe da jama'a. Suka fita ta ƙofar gefe suka zauna a kan benci a inuwa kafin ya samu ƙarfin takawa zuwa mota. Elwood ya ga cewa in bai yi tambayarsa yanzu ba, za ta koma Arizona ba a yi ta ba. Ya ciro littafin, ya yi bayanin agogon makaɗa, da sau goma sha ɗaya, da bugu na farko da na biyu da na uku. Ya yi bayanin da kyau, domin ya sha yi wa madubi.

Lester ya karɓi littafin, ya duba shafukan da aka jera lambobi. Sa'an nan ya ce a shekara arba'in ba wanda ya taɓa lura, har matarsa marigayiya. Ya ce shi ba a fim ya fara ba. Ya fara ne yana ɗan shekara goma sha tara a wani gidan wasa na katako a tsaunukan Colorado, inda ake yi wa 'yan yawon rani tsofaffin wasanni masu mugu da baƙin gashin baki, masu kallo suna cin gyaɗa suna jifansa da ɓawo. Mai gidan wata tsohuwa ce mai shan taba, takan zauna a bayan labule da sanda. In ya yi mugunta ya zarce da magana, sai ta buga masa sandar a ƙwauri bayan an tashi. Ta koya masa cewa bayan kowace mugunta ya ƙirga uku, domin wannan wurin ba nasa ba ne, na jama'a ne; sun biya kuɗin shiga ne domin su ƙi shi, dole a bar musu fili. Da ya zo fim, mai ba da umarni ya so ya yanke shirun, suka yi rigima har aka kusa korarsa, daga bisani aka bar masa don a huta.

“Na bar musu wuri,” in ji shi, “sau goma sha ɗaya, kamar yadda ka ƙirga. Na shiga silima a birane ban san iyaka ba, na zauna a baya da tabarau, ina jira. Gugguru kawai suke ci. Bara jikata ta nuna mini wani ɗan bidiyo a wayarta, wani gari da ake jifana da huluna har ba a ganin fuskata. Na sa ta maimaita mini shi sau ashirin. Da wasiƙarka ta zo, likita ya ce kada in hau jirgi, na ce masa ya riƙe shawararsa.” Ya mayar wa Elwood littafin. “Ba komai. Mutane sukan tsufa, su yi taushi. Jiya ma wata ta yafe mini.”

Elwood ya mayar da littafin aljihu. Duk da haka akwai abin da ya kasa bari, domin shekaru ba sa rushewa a kan benci ba tare da sun yi gardama ba. Ya tambaya ko ba ko ɗigon nadama a cikin bugu na uku.

Lester ya ce, “Hoyt? Ko kaɗan. Yana tsaye ne yana jira a tsane shi. Shi kaɗai ne abin da kowa yake ba shi, shi ya sa ba ya barin ko ɗaya ya zube.”

Sai Elwood ya faɗa masa gaskiya, da sassan ƙudurin uku, da kwalaye shida da suke bayan teburin gugguru, da sunan wanda ya kawo shawarar. Dattijon ya dube shi daga sama har ƙasa, wani abu ya motsa a gefen bakinsa wanda Elwood ya sani sarai daga fim na biyu. Elwood ya roƙe shi ya ba shi minti goma, kada ya tashi.

Ya sami Marlys tana zuba kofi a bakin ƙofa. Ta saurare shi, ta ce abin tausayi ne ƙwarai, amma ƙuduri ƙuduri ne. Kwamiti ya zartar, an buga a jarida, fasto ya karanta a coci, ba a kuma soke irin wannan sai da taro mai sanarwar kwana bakwai, dokar da shi Elwood ya rubuta da hannunsa. Ban da haka, wa zai hau dandamali ya ce wa mutum ɗari huɗu su zagi baƙon da suka ciyar jiya? Elwood ya nufi Gordy, wanda yake jingine da bango yana shafa sanƙonsa.

Gordy ya ce, “A'a, Farfesa. Na yi wa matata alkawari, na yi wa fasto. Ni yanzu mai sauraro ne. Ka san akwai wani shiru mai ban sha'awa bayan ya taka hula? Bugu uku ne, wani masani ya gaya mini.”

Aka kaɗa ƙararrawar komawa. Elwood ya koma benci, ya ce wa Lester bai yi alkawarin komai ba, amma ya dawo ya zauna ko da na rabin awa ne. Dattijon ya ɗaga kafaɗa, ya miƙa masa hannu ya taimaka masa ya tashi.

Fim na biyu shi ne wanda kujerar take kai su zamanin kakanni, Hoyt yana taka hula sau huɗu a cikinsa. Ta farko tana zuwa ne a minti na tara, a bakin rijiya. Elwood ya shirya, ya buɗe baki, bugu uku suka wuce bai fitar da komai ba sai iska. Shekara saba'in da ɗaya bai taɓa ɗaga murya a gaban mutane ba, maƙogwaron bai san hanya ba. Ya ji Lester ya ja sandarsa kusa, alamar mai shirin tashi.

Ta biyu tana minti na ashirin da shida, Elwood ya san wurin kamar tafin hannunsa. Hoyt ya tare wani tsohon malamin makaranta a gaban ɗalibansa, ya cire masa hula, ya karkaɗe ta kamar zai mayar masa, sa'an nan ya sake ta ta faɗi. Takalmin ya sauka. Elwood ya miƙe tsaye a layi na shida, ya yi ihu. Ba ihu ne mai ban tsoro ba. Siriri ne, tsayayye, a kan sauti ɗaya, irin na wanda ya saba ba mawaƙan coci muryar farawa. Ya ɗauki hular mahaifinsa ya wurga wa allon. Ba ta kai ba. Ta yi lilo a cikin hasken majigi, ta sauka a kan cinyar matar fasto a layi na uku.

Mutum ɗari huɗu suka juyo suna kallonsa, a allo kuma Hoyt ya ci gaba da magana ba wanda yake saurare. Marlys ta ce daga gefe, da muryar da ta ɗauka raɗa ce, “Elwood Brandvold, ka zauna.” Bai zauna ba.

Wanda ya miƙe shi ne Lester Dunphy. Ya tashi a hankali, ya juya wa allon baya, ya fuskanci zauren. Ya miƙa hannu, aka yi ta miƙo hular daga layi zuwa layi har ta iso gare shi, domin mutanen Elmquist ba sa riƙe abin da ba nasu ba. Ya duba ta ciki da waje, ya karkaɗe ta, ya yi kamar zai ɗora wa Elwood a ka. Sa'an nan ya sake ta a tsakiyar hanya, ya jingina sandarsa da kujera, ya ɗaga ƙafa ya taka. Kafaɗun suka cika rigar fatar. Ya ɗaga haɓa, ya yi shiru.

Bugu na farko ya wuce fayau. A na biyu, daga bayan zaure, muryar Gordy Haugen ta fashe kamar an buɗe ƙofar rumbu, alkawarin mata da na fasto duka suka bi iska. Kafin na uku zauren ya ɗauka gaba ɗaya, daɓe yana girgiza da bugun ƙafa. Wasu suka ruga suka jawo kwalayen, aka yi ta ɗiba ba a tambayar ta wa ce. Tsohuwar da ta yafe masa jiya ta same shi a ƙirji da hular kamfanin taki. Lester yana tsaye a tsakiyar ruwan huluna, ya kai hannu kunne ya ƙara wa na'urar murya har ƙarshe. Sai da mai majigi ya tsayar da fim ya mayar da shi baya, saboda an yi asarar minti shida.

Lester ya zauna har ƙarshen fim na uku, bai sake maganar masauki ba. A kowace taka hula yakan ɗan ɗaga yatsa a kan sandarsa yana ƙirgawa, Elwood kuma yana ƙirgawa tare da shi, a tsakani yana yin nasa siririn ihun. Da aka tashi, mutane suka yi layi, kowa da hularsa a hannu yana roƙon a taka masa, Lester ya taka wajen sittin kafin Marlys ta ce ya isa haka, a tuna da ƙafar baƙo.

Ranar Lahadi, a filin jirgi, dattijon ya nemi ya ga littafin mai baƙin bango kuma. Ya buɗe shafin da aka yi bayanin nadama, ya ce kada a yage shi, bayani ne mai kyau, da ya san shi tun da, wataƙila da ya yi amfani da shi. A ƙasan shafin ya rubuta sunansa, ya ja layi uku gajeru.

Hular mahaifin Elwood ba ta gyaru ba. Mai wanki ya ce zai iya tayar da ita, Elwood ya ce a bar ta yadda take, ya ajiye ta a kan piyanonsa da sawun takalmin a sama. A taron kwamiti na watan Agusta aka soke ƙudurin bisa ƙa'ida, bayan sanarwar kwana bakwai. Da aka zo sauran batutuwa, Elwood ya miƙe da takarda a hannu. Ya ce ya saurari abin da aka ɗauka a waya ranar bikin, ya auna shi da agogonsa, ya gano cewa garin yana shiga ihu a makare da rabin bugu, kuma yana zarcewa har cikin maganar Hoyt, abin da ba a bar wa kowa fili a kansa ba. Ya ba da shawarar a riƙa yin gwaji sau biyu kafin bikin baɗi. Gordy ya tambaya wa zai jagoranci gwajin, Marlys ta ce ya daina tambayar abin da ya sani, ta rubuta sunan yayanta.